Minti biyu na busa kafin rawar La Péri

Ranar da jagoranmu ya raba takardun busar da Paul Dukas, mai tsara kiɗa ɗan Faransa, ya rubuta don buɗe wasan rawa mai suna La Péri, na ga gajeriya ce, na ce a raina ai wannan kamar shan ruwa ne. Lokacin ina karatu a Faransa, da yamma ina busa tirampet a wata ƙungiya ta masu sha'awa. Mu goma sha ɗaya muka zauna: tirampet 3, ƙaho 4, tirambon 3, sai tuba ɗaya. Tuba a nan wani ƙaton abin busa ne, ba ta mai zunubi ba.

A gwajin farko na saki iska iya ƙarfina, don a ganina busar buɗe taro ai kakaki ce, kakaki kuwa ba ya raɗa. Kafin mu kai tsakiya leɓena ya mutu murus. Jagoran bai yi faɗa ba, sai ya ajiye sandarsa ya ba mu labari.

Dukas ya gama kiɗan rawar a 1911, babu wannan busa a ciki. Labarin Iskandar ne da ya karaɗe ƙasar Farisa yana neman furen rashin mutuwa, ya same shi a hannun wata aljana, wato Péri, tana barci, ya sace. Ta farka ta yi masa rawa har ya mayar mata, shi kuma ajalinsa ya sauka. Kiɗan yana farawa ne a hankali ƙwarai, 'yan kallon Paris kuwa ba sa rasa surutu. Da za a nuna shi a gidan wasan Châtelet a Afrilun 1912, Natalia Trouhanova na rawar aljanar, sai Dukas ya ƙara minti biyun nan na busa a gaba don kowa ya zauna ya kama bakinsa.

Nan na gane inda na ɓata. Shiru ake nema da busar, ni kuwa hayaniya nake ƙarawa. Sashen tsakiya, mai taushi, ya fi ba ni wuya: dole ka saurari masu ƙaho, ka shige ƙarƙashinsu. Mako uku ina sa alamar fensir a duk inda zan ja numfashi, ina adana leɓe don ƙarshe.

Ranar wasa, da muka sauke kayan busa daga baki, har ƙarar kujera ɗaya a can baya na ji.