Asabar ɗin da tsofaffin cocinmu suka zo da katunansu

Asabar, Yamai.

Motsin tukwanen Hajiya ta gidan kusa ne ya tashe ni, tana ɗora wa yara abincin sahur. Bana azuminsu da namu sun zo tare, sai dai su suna tashi cikin dare, mu kuwa nama kawai muke kauce wa ran Juma'a, abin da ya sa kullum take tsokanata wai namu azumin 'yan gata ne. Kuran ya ɗauke tun tsakar dare, don haka ban koma barci ba. Na yi wanka, na ɗauki babban littafi da biro, na kama hanyar coci.

Ran Lahadi bayan Misa ne Fada ya yi sanarwa. Bikin waliyyin cocinmu ya kusa, yana son a fitar da ɗan littafi na tarihin jama'armu, amma hotuna da takardun da ke ofis duk wuta ta cinye su a 2015. Saboda haka duk mai tsohon katin baftisma, ko hoton aure, ko wata takarda da ta shafi coci, ya kawo. Ni aka ɗora wa rubutawa, wai malamar lakwal ce kuma rubutuna yana karantuwa. Na ɗauka mutum kaɗan za su zo. Ko da na isa, bencin da ke gindin dogonyaro ya riga ya cika, kowa riƙe da leda ko tsohon gwangwanin biskit.

Wadda ta fara zama gabana wata tsohuwa ce da duk muke kira Tanti, mai sayar da soyayyen kifi. Katinta na Lome ne, ya yi ja, an liƙe tsakiyarsa. Tana amarya ta zo Yamai, ta biyo mijinta kafinta da ke aikin gine-ginen gwamnati. Na tambaye ta shekarar, ta ce ita ba ta riƙe shekara ba, abin da ta sani shi ne ba a gama gadar Kennedy ba, da kwalekwale ake tsallaka wa Harobanda. Gadar kuwa a 1970 aka buɗe ta, sai na rubuta "kafin 1970". Da Hausa muka yi hirar, tana sirka Zabarmanci. Ta binne miji a nan, ta aurar da 'ya'ya a nan, a cikin jikokinta babu wanda ya taɓa ganin teku. Bayanta wani tsohon kuku ɗan Benin ya zo, sai tela ɗan Burkina mai katin Kupela, sai wani Inyamuri mai kayan gyaran mota wanda ya ce ubansa ne ya ba da kwanon rufin ɗakin addu'a na farko, kuma lalle in rubuta haka da manyan baƙaƙe.

Wajen ƙarfe goma Baba katikis ya iso da sandarsa. Mutumin Dogon Dutsi ne kamar kakana, shi ya koya mana katikisim muna yara, har yau in ya ɗaga gira sai na gyara zama. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, kun zo lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki da godiya, ɗiyata. Daga ina kika fara?"

Na ce daga ranar da aka aza harsashin ginin coci. Ya girgiza kai, ya ce to na fara daga tsakiya. A wurinsa sai an koma 1931, shekarar da Fada François Faroud na SMA, ƙungiyar fadoji masu aikin mishan a Afirka, ya kafa mishan na farko a Yamai, shekara 5 kacal bayan garin ya zama babban birni. Waɗanda ya tarar masu zuwa Misa ma'aikatan Turawa ne: akawuna, magina, kukuna da sojoji daga ƙasashen gaɓar teku. A 1942 Roma ta ware Yamai ta zama yankin coci mai cin gashin kansa, bayan yaƙin duniya fadoji na ƙungiyar Redemptoris suka karɓi aikin, a 1961 kuma aka ba mu bishop na farko, Hippolyte Berlier, wanda ya riƙe har 1984. Baba ya jero sauran ba tare da duba takarda ba: Guy Romano, sai Michel Cartatéguy, wanda a zamaninsa aka ɗaga Yamai ta zama mazaunin babban bishop a 2007, sai Laurent Lompo, ɗan Nijar na farko da ya hau kujerar. Ya ƙara da cewa kada in manta har 2001 ƙasar nan gaba ɗaya bishop guda gare ta, daga Yamai har Bilma, kafin a yanke Maraɗi a haɗa mata Tawa da Damagaram da Agadas da Difa.

Shugaban mawaƙanmu, yaro ne mai zafin kai, ya ce wannan ai tarihin katidiral ne, wato babban cocin bishop, namu daban. Baba ya ce, "Kai yaro, duk cocin da ke garin nan daga katidiral ɗin, Notre-Dame du Perpétuel Secours, ya fito. Mu nan da ƙafa muke zuwa can ran Lahadi, mata da goyo. Da unguwa ta yi nisa ne muka kafa rumfar zana a tsakar gidan kafinta, mijin wannan da ke zaune." Ya nuna Tanti da sanda. A rumfar nan suka yi shekaru suna rosari, addu'ar carbi, da yamma, Fada na zuwa lokaci-lokaci a kan babur. Yaron ya yi shiru. A raina na san da gaskiyar kowannensu, amma na bi Baba, don ba zan iya bayyana dalilin rumfar ba sai na faɗi inda mutane ke zuwa kafin ta.

Da rana ta take na fito da katin da na zo da shi, na kakana. A Dogon Dutsi aka yi masa baftisma, inda fadoji suka zauna tun ƙarshen shekarun 1940. Ba'are ne, gidan bori ya tashi, lakwal ɗin mishan ce ta kai shi coci. Ƙannensa biyu suka musulunta, shi ya zama Katolika, babu wanda ya daina cin tuwon gidan wani. Har gobe ran Sallar layya cinyar rago daga gidan kawuna take zuwa mana, ran Kirsimeti kuma mu aika shinkafa da kaji. Shi ya sa nake jin zafi in an ce da mu masu addinin baƙi. Na san daga inda maganar ta fito: ƙidayar 2012 ta nuna Musulmi sun haura 99 cikin 100, kuma wanda ya leƙo Misar safe zai ji waƙa da harshen Mina da Fon da Mosanci. To amma baƙon da ya yi shekara sittin yana biyan haraji, ya binne iyayensa a ƙasar nan, yaushe zai daina zama baƙo? Mu Arawan Dogon Dutsi fa, da Gurmawan Makalondi, da Sonrai na Dolbel, daga wace ƙasa aka kawo mu? Sannan manya da yawa a garin nan sun zauna a bencin Mission Garçons ko kwalejin Mariama ko Issa Béri, sun fito da sallarsu yadda suka shiga da ita. Wannan ma zan sa shi a littafin, ko Fada ya ce ya yi tsawo.

Inda aka yi gardama ta gaske shi ne a kan 2015. Abin da ya faru kowa ya sani. Ran Juma'a 16 ga Janairu aka fara zanga-zanga a Damagaram, kan zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga, wanda mu ma bai yi mana daɗi ba kuma ba mu da hannu a ciki. Washegari Asabar abin ya iso Yamai. 'Yan sanda sun ce an ƙona majami'u 45 a birnin nan, mutum 10 suka mutu a garuruwan biyu, gwamnati ta sa zaman makoki na kwana 3. Katidiral ta tsira saboda jami'an tsaro sun kewaye ta, amma Saint Paul na Harobanda da Saint Gabriel na Garbado da sauran namu na unguwanni sun sha wuta. Ran Lahadi 18 ga wata ba a yi Misa ba.

Matasa suna son a sa hotuna duka, bango baƙi ƙirin, benci ya zama gawayi, mutum-mutumin Maryamu da hayaƙi ya dafe. Dattawa suka ce layi biyu ya isa, littafin zai shiga gidajen maƙwabta, kada a tayar da abin da ya kwanta. Tanti ce ta raba gardamar ba tare da ta yi niyya ba. Ta ce ita a rubuta mata cewa ranar limamin masallacin layinsu ne ya aiko matarsa da hijabi, aka fitar da ita da jikokinta ta ƙofar baya, suka kwana uku a ɗakin uwargidansa. Nan take wasu suka fara ba da irin nasu labarin. Ni ma Hajiya ce ta ɓoye mu, tana tsaye a ƙofar gida tana ce wa yaran da suka zo da galan ɗin fetur babu kowa ciki. Ra'ayina, wanda na faɗa kuma ba kowa ya so shi ba, shi ne a rubuta duka biyun da cikakken bayani. Waɗanda suka kunna wutar 'yan garin nan ne, waɗanda suka ɓoye mu ma 'yan garin nan ne. In aka taƙaita ɗaya, yaran da aka haifa bayan abin za su karanta rabin labari. Hoto guda aka yarda a sa, na Misar farko da muka yi a ƙarƙashin tamfol, toka na tashi duk lokacin da iska ta kaɗa. Watanni kaɗan bayan nan, a Yunin 2015, aka ɗora Bishop Lompo a kujerar babban bishop, kuma da gyaran majami'un da aka ƙona ya fara aiki.

Da la'asar sakaliya, mutane sun fara watsewa, wani magidanci da ya daɗe tsaye a gefe ya matso. Bagurme ne daga wani ƙauye na wajen Makalondi, cikin waɗanda suka cika bencin baya a 'yan shekarun nan. Tun da aka sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga ran 17 ga Satumba 2018, wanda sai Oktoba 2020 aka sako shi a Mali, yankin bai sake zama lafiya ba. Masu ɗauke da makamai sun hana taron addu'a a ƙauyuka, mutane suka bar gonaki suka gudo Makalondi da Torodi, wasu har Yamai. Ya ce, "Malama, ni ba ni da kati. Da kayan jikinmu muka fito." Na ce ba komai, ya faɗa mini abin da ya riƙe. Ya faɗi sunan ƙauyensu, da na katikis ɗinsu, da adadin gidajen da ke zuwa addu'a, ya jira har na rubuta, sannan ya sa na karanta masa ya ji ko daidai ne. Yanzu gadi yake yi a wani shago. Caritas, ƙungiyar agaji ta coci, wadda muke kira CADEV, ta taimaka musu da hatsi da farko, ƙungiyar matan cocinmu kuma ke biya wa 'ya'yansa biyu kuɗin lakwal. Shugaban mawaƙa ya tambaya a hankali ko waɗannan ma suna cikin tarihinmu, tunda ba su daɗe ba. Baba ya ce Tanti ma da ta zo ba ta daɗe ba.

Saura maganar harshe da ta kuɗi, kuma duka biyun ba a gama ba. Fada ya fi son Faransanci, don shi ne kowa ke iya karantawa ko daga ina ya fito. Baba ya ce tun Maris na 2025 doka ta mai da Hausa harshen ƙasa, me za a jira. Masu Zabarmanci suka ce su fa? Mai buga takardu kuma ya ce kowane harshe da kuɗinsa. A asusun biki abin da ke akwai ba zai buga ko na harshe ɗaya ba, sai an yi karo-karo, jika-jika kowane gida. An bar maganar sai gobe bayan Misa ta biyu.

Na dawo gida hannuna na ciwo, littafin ya kusa cika. Ina cikin cin abinci waya ta yi ƙara, jikan Baba ne, ya ce ga tsoho zai yi magana. Wai ya tuna, rumfar farko a gidan wan kafinta aka kafa ta, sai da damina ta kayar da ita aka mayar gidan mijin Tanti. Ya ce in gyara tun kafin 'ya'yan wan su ji, don ya san halinsu. Na ce, "To Baba, Tanti fa, wa zai gaya mata?" Ya ce ai ni ce mai biro.