Haɗarin silin asbesto ranar da za a gyara gida

A tsofaffin gidaje da yawa na Kaduna, musamman kwatas-kwatas na ma'aikata, silin da ke saman kanmu na asbesto ne, wani lokaci har da rufin kansa. Magina sun so shi domin ba ya cin wuta, ba ya tsatsa, kuma gara ba ta cin sa. Asbesto ma'adini ne mai siraran zaruruwa da ake haƙowa daga ƙasa, a cuɗa shi da siminti.

Muddin silin bai tsage ba kuma ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne ranar da maigida ya ƙudurta sauya shi da silin filasta na POP ko na roba na PVC. A unguwarmu na ga leburori suna farfasa irin wannan silin da guduma, girarsu da gemunsu sun yi fari fat, wani yaro yana bin su da tsintsiya yana share ƙurar a bushe. Da yamma aka kwashe ɓaraguzan a baro aka cike wani rami a kan layi, inda tayoyin Keke Napep za su ci gaba da niƙe su har iskar hunturu ta ɗauke ƙurar.

Ido ba ya ganin zaruruwan da ke cikin wannan ƙura, kuma idan suka shiga huhu jiki ba ya iya fitar da su duka. Suna haddasa tabon huhu mai sa numfashi ya gagara, da kansar huhu, da wata kansa mai suna mesotiliyoma da ke kama tantanin da ya lulluɓe huhu. Ciwon yakan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ya bayyana, shi ya sa kafintan da ya shaƙi ƙurar yana saurayi ba zai danganta tarin tsufansa da ita ba, kuma mai shan taba ya fi kowa shiga haɗarin kansar huhun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kowane nau'in asbesto yana jawo kansa. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai kuma a 2005.

Saboda haka nake roƙon masu gidaje da 'yan kwangila, idan tsohon silin yana nan lafiya, a bar shi a shafa masa fenti. Idan cirewar ta zama dole, a fitar da iyali, a jiƙa shi da ruwa, a zare ƙusoshi a sauke shi ɗungurungum ba tare da zarto ko guduma ba, sannan a naɗe shi a leda mai kauri. Takunkumin yadi ba ya tare waɗannan zaruruwa, sai an sayo wa leburori na musamman mai tace ƙura, kuma kada su koma gida da kayan aikin a jikinsu, domin matar da za ta kakkaɓe rigar kafin wanki ita ma za ta shaƙa.