Kaskon Inna da injin tace iska

Da maigida ya ce mu tattara mu biyo shi Abuja, ban ɗauki abin a matsayin ƙaura zuwa wata ƙasa ba. Daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar hantsi ce, kakata ma Bakatsiniya ce, kuma tun muna yara rabin kayan kasuwarmu daga Kano ake kawo su. An buɗe iyaka a watan Maris na 2024, bayan rufewar da ta biyo juyin mulkin Yulin 2023. Muka jira yara suka gama shekarar lakwal, wato makaranta, sannan muka shigo ta Ɗan Isa da Jibiya da buhun gero da tukwane da wani kaskon turare na ƙasa da Inna ta naɗe mini cikin tsohon zane.

Sai da na kwana biyu a Kubwa na gane cewa jin Hausa ba ya hana mutum zama baƙo. Na ce wa maƙwabciyata kuran ya tafi, ta tsaya tana kallona. Ashe nan "an ɗauke wuta" ake cewa. Lokotoro ya zama likita, gurup ya zama janareta. Ranar farko a kasuwa bakina ya kuɓuce na tambayi mai tumatur dala nawa, ya tuntsire da dariya ya ce, "Hajiya, mu naira muke karɓa, dala sai 'yan canji na Zone 4." A wurinmu kuwa dala sefa biyar ce. Hatta dutsen gugar da na taho da shi, mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa, ya ƙi shiga bangon gidan, don nan ramuka uku ne irin na Ingila.

Abu ɗaya da na tabbata ba zai ba ni mamaki ba shi ne hunturu. Mafi yawan ƙurar nan daga kwarin Bodele take tasowa, can arewacin Cadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa kamar gari, iska kuma ta matso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashe ta. Kafin ta iso Abuja sai ta fara bi ta kanmu a Nijar. Mu muke shan kan tukunyar, na nan ƙanzo suke samu. Shi ya sa da Hajiya maƙwabciyata ta ce mini a watan Nuwamba ya kamata in nemi injin tace iska saboda yara, na yi murmushi na ce, "Hajiya, a garinmu iska kyauta ce." Ta ce to, Allah Ya bar mu da lafiya.

Cikin Disamba, a makon da hazo ya haɗiye Dutsen Zuma har ba a hango shi daga hanyar Zuba, autana ɗan shekara biyar ya tashe ni wajen ƙarfe biyu na dare. Yana zaune a kan katifa, ya dafa gwiwoyinsa, ƙirjinsa yana kuka siriri kamar usur, ramin wuyansa yana lotsawa da kowane numfashi. A Maraɗi ma yakan yi tari duk hunturu, mu ce mura ce, a shafa masa man zafi. Wannan kam ban taɓa ganin irinsa ba. A asibiti aka sa masa abin shaƙa a fuska, likita ya ce asma ce. Ya rubuta magani, sannan ya shiga tambayoyi: ina janareta yake a gidan, ana ƙona shara kusa da mu, muna kunna maganin sauro mai hayaƙi, ana turaren wuta? Na ce turare kam sai jefi-jefi. Allah Ya yafe mini, kullum ne, safe da magariba. Da na kawo maganar injin, ya ce zai iya taimakawa a ɗakin da yaron yake kwana, amma kada in kuskura in ɗauke shi a madadin magani.

Shekara tara na yi ina koyar da lissafi a koleji kafin mu taso, don haka ban yarda na tafi kasuwa hannu biyu ba. Na ari tef ɗin awon maigida, wanda yake fita da shi kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, na auna ɗakin yara: mita 4 a mita 4 da rabi, tsayin bango mita 3. Tsawo sau faɗi sau tsayi, iskar da ke ciki ke nan mita 54 mai siffar ƙwayar sukari, kamar yadda nake faɗa wa ɗalibai don su gane. Ƙa'idar da ake bi ita ce injin ya iya juya iskar ɗaki wajen sau biyar a awa. Biyar sau 54, 270. Wannan lambar na rubuta a tafin hannuna.

Lambar da ake kwatanta ta da ita ana kiranta CADR, wato yawan tatacciyar iskar da injin yake fitarwa. Ita ce gaskiyar inji, sauran abin da ke jikin kwali ado ne. Sai dai akwai tarko a nan. Kayan da aka yi don kasuwar Amurka da ƙafa suke awo, a minti, su rubuta cfm. Na Turai da Asiya kuma da mita, a awa. Sai an ninka lambar cfm da 1.7 kafin su zo daidai. Levoit Core 300, alal misali, 141 ne a awon Amurka, wato wajen 240 a namu. Wanda bai san haka ba zai ga 141 gefen 360 ya yi zaton tazarar ta fi yadda take.

A wata filaza a Wuse 2, wani saurayi ɗan Jos ya jera mini su a kan kanta, akwai Xiaomi, akwai Philips, akwai Levoit, akwai kuma waɗanda sunansu ban taɓa ji ba. Wanda ya fi tura mini shi ne wani dogo mai fitilu kala-kala, wai yana isar falo da ɗakuna biyu, yana kashe ƙwayoyin cuta, yana fitar da iska irin ta bayan ruwan sama, ga shi kuma ya fi sauran araha. Na juya kwalin gaba da baya ina neman CADR, babu. Na ce, "Ƙanena, ina lambar?" Ya ce, "Anti, wannan ai ba ya buƙatar lamba, ki ji ƙamshin iskar kawai." Ƙamshin nan shi ne ya ƙara kore ni. Wasu injinan da ke sa wa ƙura cajin lantarki maimakon su tace ta suna fitar da iskar ozon, wadda ita kanta tana ƙaiƙayin huhu, mai asma kuwa ita ce ba ya so. Araha ba ta ado. Na ce ya mayar da shi.

Saura uku na matsakaicin girma, waɗanda tsayinsu bai wuce gwiwa zuwa cinya ba: mai 230, mai 360, da mai 400. A takarda mai 230 ya kusa isa, sau huɗu da 'yan kai a awa, kuma maigida shi ya so saboda kuɗinsa. Amma lambar da ke kwali ta ƙarshen gudu ce, a ƙarshen gudun kuwa injin yana huci kamar ana busar da gashi. Na sa saurayin ya kunna mana kowanne har ƙarshe, muka saurara. Ba yaron da zai yi barci da wannan ƙara a kansa. Da dare dole a rage, idan an rage kuma iskar da yake tacewa ta ragu, wani lokaci zuwa rabi ko ƙasa da haka. Gara babba yana tafiya a hankali da ƙarami yana haki. Mai 400 ya fi ƙarfin aljihunmu, bambancinsa da mai 360 kuma bai taka kara ya karya ba a ɗaki irin namu.

Kafin in biya sai da na yi wa saurayin tambayoyin da suka sa ya ce ko ni ma 'yar kasuwa ce. Na farko filta. Injin dai fanka ce kawai a cikin akwati, aikin duka na filta ne, takarda mai ninki-ninki da ake kira HEPA, wadda ta ƙwarai take kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙura mai girman maikiron 0.3. Gashin kan mutum wajen maikiron 70 ne, ku kwatanta. Filtar nan ba a wanke ta, canza ta ake yi. Masu ƙerawa suna cewa wata shida zuwa shekara, amma ba da hunturunmu suka yi lissafi ba. Na ce ya nuna mini wata a hannu, kada ya ce za a kawo daga Legas. Ya shiga ciki ya ɗauko, na saye ta tare da injin, kuɗinta ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa, maigida ya yi shiru irin na wanda aka taka wa ƙafa a masallaci. Na biyu, na duba bayan injin na tabbatar an rubuta 220 zuwa 240, domin Hajiya ta ba ni labarin wanda ƙaninta ya aiko mata daga Amurka, mai cin 120, tana jona shi ya yi tas ya fitar da hayaƙi. Na uku, na sa ya zare wayar daga bango yana cikin aiki ya sake jonawa. Ya tashi da kansa. A garin da ake ɗauke wuta a maido tsakar dare, injin da zai jira a danna shi sai ya kwana a kashe.

Wuta kam ba ya ci. Wat 33 aka rubuta a jikinsa, bai kai rabin fankar sama ba. Awa goma kullum, yunit 10 a wata ko da a ƙarshen gudu ne, kuma ƙaramar inbatarmu tana ɗaukar sa har asuba.

A fuskarsa akwai lamba mai nuna yawan ƙurar da ake kira PM2.5, wadda ido ba ya gani kuma take wucewa har cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2021, ta ce kada matsakaicin yini ya wuce 15. Ranar da muka kunna ya nuna tamanin da wani abu. Muka rufe ƙofa, bayan rabin awa ya sauko talatin, ya tsaya nan ya ƙi motsi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: tagar gilashi ce mai zamiya, tsakanin ganyayenta biyu akwai ratar da ɗan yatsa yake shiga. Na cusa soso, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, lambar ta faɗo goma sha biyu. Daga ranar na ajiye tsintsiya a ɗakin, sai shafa da jiƙaƙƙen tsumma.

Akwai abin da ba zai yi ba, kuma na gaya wa Hajiya shi sau biyu don ta isar wa masu gidan baya. Gubar hayaƙin janareta, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, filta ba ta kama ta, ɗan gawayin da ke cikinta ma wari kawai yake ragewa. Janareta kusa da taga yana kisa ko da inji goma ne a ɗakin. Ita kuwa Hajiya, da ta sayi wani sabo, ta zo tana mita wai kwana uku ba ta ga bambanci ba. Na je na buɗe gindinsa, na tarar da filtar tana nan cikin ledarta yadda aka kawo ta. Mun yi dariya har da hawaye.

Ranar Juma'ar farko bayan sayen injin, na gama shara, na ɗauko kaskon Inna, na zuba garwashi, na barbaɗa turaren da ta haɗa mini da hannunta, mai sandal da hawi. Na zagaya falo, na shiga ɗakin yara kamar yadda na saba tun ina amarya. Ban kai ga labule ba fitilar injin ta koma ja, fankar ta tashi da gudu ita kaɗai. Na leƙa lambar: 90, 210, 380, tana ta hawa. Hazon da ya ɓoye Dutsen Zuma bai taɓa kai ta rabin wannan ba a ɗakin. Na tsaya riƙe da kasko, hayaƙi yana bi ta gefen fuskata, autana yana ƙofa yana cewa, "Mama, injin ya yi fushi." Wata biyu ina zagin ƙurar Abuja da janaretocin maƙwabta da masu ƙona shara a bakin kwalbati, kuma duk suna da nasu laifin, amma ni ce mai shigo da hayaƙi har kan matashinsa sau biyu a rana.

Ban daina turare ba, kada in yi ƙarya. Macen da ta tashi a Maraɗi gidanta ba ƙamshi, ai sai a ce ba ta da lafiya. Na mayar da kaskon baranda, can nake kifa kwando in turara tufafi da zannuwan gado, in bar su su sha iska kafin su shiga ciki. Ɗakin yara kuwa garwashi bai sake shiga ba. Zafin Fabrairu da Maris ya ba mu wahala, don rufe taga a lokacin azaba ce idan babu wuta, wasu darare dole muka buɗe muka bar lambar ta hau. Duk da haka sau ɗaya muka koma asibiti da dare har damina ta sauka. Ko maganin ne, ko injin, ko fitar kaskon, ni dai duka ukun na riƙe.

Da na ciro filtar a ƙarshen Maris, farar takardar ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, irin launin bangon gidanmu na Maraɗi. Na ɗauki hotonta na tura wa ƙanwata ta WhatsApp ta nuna wa Inna, na yi mata bayanin komai, har da zancen kaskon. Da dare sai ga saƙon murya. Inna ta yi wa jikanta addu'a mai tsawo, ta tambayi nawa aka sayi abin da sefa, ta yi salati da ta ji. Sannan ta ce turaren da ta haɗa ba ya sa tari, sai dai idan gawayin Najeriya ne ba shi da kyau, kuma idan direban Ɗan Isa zai taso mako mai zuwa za ta ba shi na gida ya kawo mini.