Ku daina ƙyuyar rubuta `if`

Wani yaro mai koyon aiki a hannuna ya nuna mini yadda ya dunƙule sharaɗi a layi ɗaya, `A && B || C`, da nufin in A ya yi nasara a gudanar da B, in ba haka ba a gudanar da C, yana ta murna. Gabana ya faɗi, don da irin wannan layin na taɓa janyo wa mutane asara.

A wurin da na fara aiki, na rubuta wa sabarmu umarnin dare da Bash, wato shell, manhajar da ke karanta umarni a Linux: in ana cikin kwafe bayanai, a aiko mini saƙo, in ba haka ba a goge tsofaffin kwafi. Na ɗauka `||` sharaɗin farko kawai yake dubawa. Ashe a shell `&&` da `||` matsayinsu ɗaya, daga hagu zuwa dama ake bin su, kuma umarnin da ya gudana a ƙarshe, muddin ya dawo da lambar da ba 0 ba, wato ya gaza, C zai tashi. Wani dare intanet ya yanke. Saƙon bai fita ba, sai gogewa ta kama, sabon kwafin kuma bai kammala ba. Ba mu gane ba sai ranar da faifan sabar ya lalace, aka nemi bayanan albashi, babu.

Har yau abin yana cin raina. Amma fa ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, kuma lokacin babu ShellCheck, manhajar da ke duba kurakuran rubutun shell. Manya ma sun yi tuntuɓe: a 2015 manhajar Steam ta goge wa wasu masu Linux fayilolinsu saboda `$STEAMROOT`, sunan da ke nuna wurin da za a goge, ya zo fanko. Sai dai wannan bai wanke ni ba. Ban taɓa gwada abin da zai faru in B ya gaza ba.

Ku kuwa, ƙannena, me ya hana ku? ShellCheck kyauta ne, yana gargaɗi kan wannan kuskuren, amma sai kwafe-kwafe daga waya ba karatu!

Ku rubuta `if`, `then`, `else` cikakku. Ku bar `-a` da `-o` (wato "da" da "ko") cikin `[ ]`, POSIX, ma'aunin da shell ke bi, ya ayyana su tsohon yayi tun 2008. Ku riƙe `[[ ]]` na Bash. A'a, ku dakata: in layinku na farko `#!/bin/sh` ne, a Ubuntu dash, wani shell daban da Bash, ne zai karanta shi tun 2006, kuma dash bai san `[[` ba. A nan dole ku koma `[ A ] && [ B ]`, amma a cikin `if`. Duk inda `rm`, umarnin gogewa, yake, ku sa B ya gaza da gangan, ku ga me zai biyo baya.