Yadda Na Koyar da Boren Masu Haƙar Zinare na Ballarat

Ina koyar da tarihi a wata sakandare a Zamfara, inda da wuya ka sami ɗalibin da ba shi da wa ko kawu a ramin zinare. Shi ya sa da muka zo kan harajin zamanin mulkin mallaka na ɗauko musu labarin boren masu haƙar zinare na garin Ballarat, a yankin Biktoriya ta ƙasar Ostiraliya, lokacin tana hannun Ingila.

Da lissafi na fara, na ajiye faɗan sai daga baya. A 1851 gwamnati ta ɗora wa kowane mai haƙa lasisin sule 30 duk wata, ya biya tun bai sa diga a ƙasa ba, ya samu ko bai samu ba. Na yanka takardu a matsayin lasisi, na raba ajin gida biyu, masu haƙa da 'yan sanda. Tsakuwa kaɗan na ɓoye a cikin yashi, don haka yawancinsu suka tashi hannu rabbana. Sai na saki 'yan sandan su bi kowa su nemi takarda, kamar yadda Gwamna Charles Hotham ya sa a riƙa yi sau biyu a mako a 1854. Na gaya musu a can wanda aka kama ba takarda tara ake cinsa, wasu har ɗaure su aka yi da sarƙa a jikin gungume.

Aji ya kaure. Wani yaro ya miƙe ya ce, "Malam, ai wannan ba harajin zinare ba ne, harajin mutum ne." Abin da na so su gane ke nan, kuma da bakina na faɗa da bai zauna musu haka ba.

Daga nan sauran labarin ya tafi da sauƙi. Mutanen nan sun daɗe suna bin hanyar lalama: taron Forest Creek a 1851, takardar koke da ɗaura jan ƙyalle alamar ƙin yarda da lasisin a Bendigo a 1853, ga shi ba su da ƙuri'a. A Ballarat ne tura ta kai bango. Suka ƙona lasisinsu, suka kafa shingen katako a filin haƙa na Eureka ƙarƙashin jagoransu Peter Lalor. Da asubahin Lahadi, 3 ga Disamba 1854, sojoji da 'yan sanda suka auka musu, aka kashe masu haƙa fiye da 20. Mutum 13 aka gurfanar kan cin amanar ƙasa, cikinsu har da John Joseph, baƙar fata ɗan Amurka, kuma ba ko ɗaya da aka samu da laifi. A 1855 aka soke lasisin, aka kawo takardar izinin haƙa ta fam 1 a shekara mai ba da damar zaɓe, aka mayar da harajin kan zinaren da ake fitarwa waje.

Ban yi musu kwatance da gida ba, su suka yi da kansu, kuma ina ganin hakan ya fi. Tambayar da ta fi tsaya mini wata yarinya ce ta yi ta: "Malam, ƙasar da suke faɗa a kanta ta wace ce?" Ta mutanen Wadawurrung ce, 'yan asalin wurin, waɗanda gwamnati da masu haƙar duk ba su nemi izininsu ba. Darasinmu na gaba a kansu muka yi shi.