Wasiƙa daga garin da rana ta yi ƙaura

Assalamu alaikum mutanen Kano. Gaisuwa a dunƙule, ba zan bi gida-gida ba, a yi mini afuwa. Lafiyata ƙalau, ina cin abinci, ban rame ba, a faɗa wa Hajiya ta kwantar da hankalinta.

Tun ranar da na saka hoton nan na ƙarfe 12 na rana ga fitilun titi a kunne, wayata ba ta huta ba. "Wai da gaske rana ba ta fitowa?" "To yaya kuke sallah?" "Nawa ake kashewa kafin a samu biza?" Kawu ma aiko mini da murya ya yi, wai in daina yi wa manya wasa da hankali. Allah ya huci zuciyar Kawu. Na gaji da amsa wa mutane ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya. Zan taɓo maganar takardu da tsadar rayuwa, amma rana tukuna.

Garin da nake sunansa Tromso, can ƙuryar arewacin Norway. Rabona da ganin ƙwayar rana tun ƙarshen Nuwamba, ga shi yau muna tsakiyar Janairu. Ba wai duhu ne ɗulum dare da rana ba. Wajen ƙarfe 10 na safe sama takan yi wani shuɗi-shuɗi, kamar bayan asuba kafin gari ya waye tangaran, sai ka zauna jiran fitowarta, kafin ƙarfe 2 kuma magariba ta rufa. Kullum kamar baƙon da ya yi sallama a zaure ya juya bai shigo ba. Sallah kuwa, masallacin garin lokutan Makka yake bi a irin wannan watanni, mu ma shi muke bi.

Sanyin fa? Duk wanda ya ce mini muku-mukun Kano sanyi ne, ina gaishe shi. Kafin in fita sai na yi shiri kamar mai zuwa yaƙi: dogon wando na ulu a ciki, wani a kai, riga uku, safa biyu, hular da ta rufe kunne, safar hannu. In ka gama sai ka tuna ba ka yi alwala ba. A satina na farko da zubar dusar ƙanƙara na fito da takalmina na Kantin Kwari, sau ciki mai kyau, ina taƙama. Ban kai tashar bas ba na ji ni a ƙasa tim, ƙafafu a sama, ledar madara ta yi gabas, ni na yi yamma. Wata tsohuwa ce, ta kai sa'ar Hajiya, ta miƙo mini hannu, sannan ta ɗaga ƙafarta ta nuna mini wasu ƙusoshi da ake ɗaura wa takalmi a ƙasa. Ba ta ce uffan ba. Washegari na saya. Ga man hantar kifi da suke sha cokali guda kullum don maye abin da jiki ke samu daga hasken rana. Ɗanɗanonsa kada Allah ya maimaita, amma ina sha.

Ƙanena ya ce ai dole mu ji sanyi tunda mun yi nisa da rana. Ni ma da haka na ɗauka. Ashe a farkon Janairu duniya ta fi matsawa kusa da rana, kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma ta fi nisa, miliyan 152. Wato a tsakiyar hunturunku da duhunmu muka fi kusa da ita. Ba nisa ba ne, karkata ce. Duniya a gicciye take juyawa, ta karkata da kusan digiri 23 da rabi, don haka wata shida arewa ke fuskantar rana, wata shida kudu. Da muna waya na kashe fitilar ɗaki na kunna tocila. Na haska bango kai tsaye, haske ya taru wuri guda, fari tas. Na kwantar da hannuna, hasken nan dai ya baje ya yi tsawo ya dusashe. Na ce masa na farkon Kano ke nan, na biyun mu ne. Malaminmu na jogirafi ya sha nuna mana wannan da ƙwallo a aji, bai shiga ba sai da sanyi ya sa shi. Gani ya kori ji.

Ku ji abin da ya fi ba ni mamaki. A watan Yuni, lokacin da rana ke kwana a sama a nan ba ta faɗuwa, iyakar tsayin da take kaiwa da tsakar rana wajen digiri 44 ne. A Kano, ranar da ta fi yin ƙasa a shekara, cikin Disamba, tana kusan digiri 55. Ranar hunturunku da kuke fitowa shanta a gindin katanga ta fi ranar bazararmu tsayuwa. Ku kuwa sau biyu a shekara tana tsaya muku a tsakar ka, wajen 21 ga Afrilu da 21 ga Agusta, har inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa.

To me ya sa Afrilu ke gasa mutane har digiri 40 da ɗoriya, Agusta kuwa ana marka har a ja bargo, alhali tsayuwar ranar ɗaya ce? A nan ne na gane mun daɗe muna zagin mai yi mana aiki. Rana ba iska take fara dafawa ba, ƙasa take gasawa, ƙasa kuma ta ɗumama iskar da ke kanta. Iska in ta yi zafi nauyinta raguwa yake, sai ta yi sama. Kun sha gani: kawalwalniya a kan titin Zariya, 'yar guguwar da ke tashi da leda a filin Idi, shirwa tana shawagi a saman Dala ba ta ko kaɗa fiffike. Duk hawan iskar nan ne. In kuwa iska ta tashi, dole wata ta kwararo ta cike gurbinta. A bazara, da rana ta gasa yankinmu da Sahara, iskar da ke kwararowa daga kudu maso yamma take, daga tekun Atlantika, ɗauke da tururin da ranar dai ta ɗebo daga ruwa. Shi ne gumin nan mai naci na watan Mayu, da dattawa ke cewa ruwa ya kusa. Tururin ya hau sama ya huce, ya zama gajimare, ya zama hadari. Iyakar da iskar teku ke karo da busasshiyar iskar hamada tana bin rana a baya a hankali, shi ya sa Legas ke samun ruwa tun Maris mu sai Mayu ko Yuni. Kafin Agusta gajimare ya yi mana rumfa, ƙasa ta jiƙe, zafin ya tafi wajen busar da ruwa maimakon gasa mu, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa da gumin jikinta. Zafin bazarar da muke tsinewa shi ne guga, shi ke jawo damina.

Hadarin kuwa daga gabas yake taso mana duk da tururin daga kudu ya zo, saboda can sama wata iskar ce ke kora shi yamma. Wasu daga cikin irin hadarin da ke ratsa yankinmu, in suka wuce Senegal suka faɗa teku, su ne ke riƙiɗa su zama mahaukaciyar guguwar da kuke ji ta yi ɓarna a Amurka.

Da rana ta koma kudu, iskar teku ta bi ta, sai ta hamada ta samu fili. Hunturu ke nan. Mafi yawan hazon nan da ke hana jirgi sauka, ya bar mu da faso da kaushi, daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, ƙasan wani tsohon tafki da ya ƙafe. Ƙurarsa har dajin Amazon take kaiwa. Sanyin asuba kuma don babu tururi a sama ne da zai riƙe ɗumin da ƙasa ta tara, sai ya tsere cikin dare.

Mu ma nan da zafin wasu muke rayuwa. Ruwan da rana ta ɗumama can wajen Meziko yana gangarowa ta teku har gaɓar Norway, shi ya sa tashar jiragen ruwan garin nan ba ta daskarewa, sanyin Janairu ma yawanci 'yan digirori ne ƙasa da sifili. Garin Norilsk na Rasha, da muke kusan layi ɗaya da shi amma ba ya samun wannan ruwa, sanyinsa kan wuce digiri 25 ƙasa da sifili. Na daina ƙorafi da na ji haka. Na kwana biyu dai.

Abin da ke damun masana a nan shi ne ƙanƙarar tekun arewa tana ja da baya. Hayaƙin mai da gawayi da duniya ke ƙonawa ya ƙara wa sama kauri, ɗumi ba ya fita kamar da, kuma yankin nan yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya tun 1979. Dalili mai sauƙi ne: farar ƙanƙara mayar da haske take, baƙin ruwa kuwa shanye shi yake. Da na ji haka sai hankalina ya koma unguwarmu. Yaya, na ga hoton sabon ginin, Allah ya sa albarka, amma baƙin rufin nan da ake yayi, a garin da rana ke tsayawa a tsakar ka? Ga tsakar gida an shafe da siminti, darbejiyar ƙofar gida an sare don mota ta samu wurin tsayawa. Ni ba na cewa komai, ƙani ne ni. Na dai tuna ɗakin soron kakarmu mai kaurin bango, da azahar ka shiga kamar ka shiga randa, ko an ɗauke wuta ba ruwanta. Mutanen nan manyan tagogi suke yi, suna farautar ɗan hasken da suke samu kamar zinariya. Mu da ta yi mana yawa, inuwa ya kamata mu riƙa farauta. Masu sola kuma a riƙa goge ƙurar hunturu a kan faifan, ba laifin mai haɗawa ba ne kullum.

Takardu: suna da yawa, ana jira, kada ku ba kowa kuɗi a kan alkawarin biza. Tsada: kada ku tambaya. Busasshen kifin nan mai tauri da ake sayarwa a Sabon Gari daga ƙasar nan yake zuwa, a nan ma ba araha.

Ranar 21 ga wata ake sa ran rana za ta leƙo ta bayan duwatsu, mutanen gari har wani burodi mai zaƙi suke ci don murna. Na riga na nemi izini a wurin aiki. Ku kuma in Allah ya kai mu 21 ga Afrilu, wajen ƙarfe 12:25, wani ya kafa taɓarya a tsaye a tsakar gida ya ɗauko mini hotonta. Akwai wani abokin aikina da ya rantse ba a yin rana babu inuwa. A sa Kawu ya tsaya a gefe.