Kamshaf ɗin da ya dace da tsohuwar Nova ɗina

Ƙara ce ta ja ni. Ran wata Asabar da sassafe a Houston, wurin da masu tsofaffin motoci ke haɗuwa, wata Camaro ta shigo tana bugawa dum-dum-dum a sulo, jikinta har rawa yake. Na koma gida da sautin a kunnena. Ni kuwa ina da Chevrolet Nova ƙirar 1972 mai injin 350, wato lita 5.7, wadda na shekara biyu ina gyarawa kaɗan-kaɗan daidai ƙarfin aljihuna. A ranar na ƙudurta ita ma sai ta yi irin wannan kukan.

Kamshaf sandan ƙarfe ne mai tozaye a tsakiyar inji. Shi ke ce wa bawul, wato ƙofar shigar iska da mai ko ta fitar hayaƙi, yaushe zai buɗe, iya ina zai ɗaga, kuma har yaushe zai zauna a buɗe. Na asalin motata mai sanyin hali ne, tsawon buɗewarsa bai wuce digiri 195 ga bawul ɗin shiga da 202 ga na fita ba idan an auna daga ɗagawar inci 0.050. Wannan awon shi ne na gaskiya. Lambar da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali, irin su 268 ko 280, kowane kamfani da inda yake fara ƙirga tasa, don haka ba a kwatanta kaya da ita.

Na san wannan, amma duk da haka na sayi mai digiri 230 da ɗoriya, don kuɗinsa kusan ɗaya ne da na ƙarami. Na ce tunda farashi ɗaya ne, gara in ɗauki babba.

Ƙarar ta zo yadda nake so, sai dai motar ta rasa ƙarfi a ƙaramin juyin inji. In fitila ta ba da hannu na taka totur, sai ta yi nauyi kamar tana jan tirela, ba ta farfaɗowa sai juyin inji ya haura 3,000 a minti. Abin da ya fi tayar mini da hankali birki ne. Wata rana ina tare da ɗana, mun taho wata mahaɗa a hankali, na taka sau biyu, a na uku feda ta yi tauri kamar dutse. Da ƙyar muka tsaya. Yaron ya dube ni ya ce, “Baba, lafiya?” Na ce lafiya lau, amma hannuna na karkarwa a kan sitiyari. Tun daga ranar ban sake fitar da ita ba sai da na kwance injin.

Wani maƙwabcina, tsohon bakanike da ya yi ritaya, ya zo da agogon awon zuƙar iskar da inji ke yi, wadda babban kamshaf ke ragewa a sulo, ya jona. Allura na lilo tsakanin inci 10 da 11, alhali tukunyar da ke taimaka wa birki da wannan zuƙar take aiki, kuma ta fi son 16 zuwa sama. Bai yi mini faɗa ba. Tambaya uku ya yi: nawa ne matsin injin, wato yadda fistin ke matse iska da mai, wace giya ce a baya, kuma konbata, wato abin da ke haɗa inji da giyabos mai canja kansa, na asali ne? Amsa ita ce 8.5, da 3.08, kuma na asali ne a giyabos ɗin TH350. Tun 1971 kamfanin GM, mai ƙera Chevrolet, ya rage matsin injunansa don su iya shan fetur mara dalma. Babban kamshaf yana jinkirta rufe bawul ɗin shiga, sai fistin ya fara hawa yana mayar da wani ɓangare na iska da mai waje. Injin da dama matsinsa kaɗan ne, ka sake rage masa, ina zai samo ƙarfin tashi? Kamshaf irin wannan yana son matsi mai yawa, da giya mai gajeren zango, da konbata mai barin inji ya hau kafin ya kama. Kowanne kuɗi ne, ni kuma arha nake nema.

Na yi sha'awar kamshaf mai tafet na ƙafar nadi (tafet shi ne ƙarfen da ke zama a kan tozo yana tura bawul), irin wanda GM ta fara sa wa waɗannan injuna a ƙananan motoci daga 1987, amma mayar da tsohon bulo zuwa wannan tsari ya ninka kuɗin sau da yawa. Sai na koma mai shimfiɗaɗɗen tafet, digiri 204 da 214, ɗagawa inci 0.420 da 0.442, irin awon samfurin Performer na kamfanin Edelbrock. Tafet sababbi goma sha shida na sake saya, domin kowane tafet yana cinyewa ne daidai da tozon da ya zauna a kai, in ka ɗora shi a kan sabo zai cinye shi. Na canja sarƙar tayimin da sifirin ɗin bawul, waɗanda suka haura shekara hamsin suna aiki. A nan kuɗin ya tafi, ba a sandan kansa ba.

Tashin farko shi ne inda ake rasa irin wannan kamshaf. Baƙin man zamani an rage masa sinadarin zinki don kare na'urar tace hayaƙi, tozaye kuwa da shi suke rayuwa. Na zuba man da aka yi musamman don wannan aiki, na shafe kowane tozo da maiƙon da ya zo a kwalin, na cika kabureta da fetur don ta kama a bugu ɗaya. Tana kamawa na ɗaga juyin inji sama da 2,000 a minti, ina hawa ina sauka zuwa 2,500 har kusan rabin awa, ban bar ta ta yi sulo ko sau ɗaya ba, domin fantsamar mai ce ke jiƙa tozayen. Maƙwabcin nawa na tsaye da tiyo yana fesa wa lagireto ruwa, ɗana kuma idonsa na kan agogon zafi yana kira mini lamba. Muka kashe, na juye man da zafinsa, na yanka filta na baje takardar a rana ina neman ƙyallin ƙarfe. Babu ko ɗigo.

Yanzu allurar agogon zuƙar iska na tsayawa cak a inci 17. Ba ta bugun nan da ya ja ni, sulonta kusan lumus yake, sai ɗan kauri a murya. Amma daga tsaye tana tashi da taɓa totur kaɗan, birki ya dawo da laushinsa, kuma ranar Juma'ar da ta wuce da ita muka je masallaci ni da yaron, muka dawo ta babban titi gilasai a sauke.